Yadda Ake Bin Husufin Algol Don Gano Tauraro Na Uku Da Ido Ba Ya Gani

A gungun taurarin Perseus akwai wani tauraro mai suna Algol, wanda Larabawa suka kira Ra'asul Gul. Duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49 haskensa yakan dushe har ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku, sannan ya dawo yadda yake. Daga fara dushewa zuwa dawowa awa 10 ne ko kusa da haka. Taurari biyu ne ke kewaya juna a kusa ƙwarai: ɗaya fari mai zafi, nauyinsa ya ɗan haura ninki 3 na rana, ɗayan ja-ja ne, ya fi shi faɗi amma bai kai shi haske ba, nauyinsa kuma kashi 70 cikin 100 na rana. Hanyar kewayensu tana kusan daidai da layin ganinmu, don haka duk zagaye sai mai duhun ya gitta gaban mai hasken.

Akwai na uku. Ya kusa ninka rana biyu a nauyi, yana nesa da su, kuma shi da su suna kewaya juna sau ɗaya a kwana 680. Daga nan duniya, nisan shekarun haske 90 da ɗoriya, duka ukun ɗigo ɗaya ne ko a madubin hangen nesa na yau da kullum. Abin da ke tona asirin na ukun shi ne lokaci: husufin yakan zo da wuri da 'yan mintoci, wata shekarar kuma ya makara. Saboda haka duk aikin da za a bayyana a nan abu ɗaya yake nufa, wato fitar da lokacin tsakiyar husufi daidai gwargwadon iko.

Geminiano Montanari na Italiya ya lura da canjin hasken Algol a 1667. Wanda ya fitar da tsawon zagayen shi ne John Goodricke, wani matashi kurma a garin York na Ingila, a 1783, yana ɗan shekara 18, kuma da ido da agogo ya yi. Shi ne ya kawo shawarar cewa wani abu mai duhu ne ke gittawa. Sai a 1889 Hermann Carl Vogel ya tabbatar da kewayen a Potsdam ta Jamus ta hanyar nazarin launukan hasken.

Kayan aiki

Littafin rubutu, fensir, tocila da aka rufe bakinta da jar leda ko jan ƙyalle, agogon da aka saita da intanet, da takardar giraf. Waya mai manhajar Stellarium ko makamanciyarta za ta taimaka wajen gane taurari, amma ka gama da ita tun kafin fara awo. Hasken fuskar waya yana kashe ganin dare, kuma ido yana bukatar minti 20 ko fiye kafin ya saba da duhu. Madubin hangen nesa ba shi da amfani a nan, don taurarin da za ka gwada Algol da su sun yi masa nisan da ba za su shiga fili ɗaya ba.

Mataki na farko: nemo tauraron da maƙwabtansa

Ka fara da Kaza da 'Ya'yanta, tunda kowa ya san ta. Miƙe hannunka, ka buɗe yatsu, ka auna kusan taƙi ɗaya daga Kaza zuwa arewa, ka ɗan karkata yamma. Tauraro mai haske da za ka iske a nan shi ne Algol. A arewacinsa akwai Mirfak, wanda ya ɗan fi shi haske, a yammacinsa kuma Almach, mai launin ruwan lemo. Ukun nan suna yin kusurwa miƙaƙƙiya, Algol ne a kan kusurwar. Daga Kano ko Damagaram yakan hau sama har kusan digiri 60 ta ɓangaren arewa. Yana kai ƙololuwa wajen tsakar dare a farkon Nuwamba, wajen ƙarfe 9 na dare kuma a ƙarshen Disamba.

Masana falaki suna auna haske da lambar magnitud, kuma lambar tana ƙaruwa ne idan haske ya ragu. Algol yana zaune a 2.1, a tsakiyar husufi ya sauka zuwa 3.4. Taurarin gwaji su ne Almach, 2.1, Epsilon Persei, 2.9, a gabashin Algol, nisansa kamar na Mirfak. Da Kappa Persei, 3.8, ɗan ƙarami tsakanin Algol da Mirfak, kusa da Algol. Akwai wani ja a kudancinsa daf da shi, Rho Persei. Yana da jan hankali saboda kusancinsa, amma kada ka yi awo da shi, shi ma haskensa canzawa yake yi.

Ka ɗauki dare biyu ko uku kana duba su kawai, ba awo, har ka iya nuna kowanne ba tare da waya ba. Ka zana su da hannunka a shafin farko na littafin, da lambar kowanne.

Mataki na biyu: zaɓen dare

Mujallar Sky & Telescope tana da shafi a intanet da ke lissafa lokutan husufin Algol. Lokutan falaki yawanci a agogon duniya na UT ake ba da su. A Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi sai ka ƙara awa 1, a Sudan awa 2, Ghana kuwa daidai take da shi.

Da ka samu lokaci ɗaya, sauran lissafi ne. Bayan kwana 3 husufi zai sake zuwa, amma da wuri da awa 3 da minti 11. Idan ya faɗo ranar Litinin ƙarfe 11:30 na dare, na gaba Alhamis ne ƙarfe 8:19 na dare, na bayansa kuma Lahadi ƙarfe 5:08 na yamma, rana ba ta faɗi ba. Zagaye 15 kwana 43 ne kusan cif, don haka daren da ya yi maka daɗi zai maimaitu bayan kwana 43 a kusan wannan sa'ar.

Ka zaɓi daren da Algol zai kasance sama sosai aƙalla awa 2 kafin tsakiyar husufi da awa 2 bayansa; awa 3 ta fi. Mafi kyawun lokaci a ƙasashenmu shi ne daga ɗaukewar damina zuwa shigowar hazo, wato Oktoba da Nuwamba, lokacin da ruwa ya wanke sama. Idan hazon hunturu ya yi kauri, ƙura tana cin hasken tauraron da ke ƙasa fiye da na sama. Almach yana yamma, shi ke fara gangarawa, sai ka ga kamar Algol ya fi shi haske alhali ƙura ce ta rage shi. Da zarar ɗaya daga cikinsu ya sauka ƙasa da digiri 30 ka daina awo. Daren farin wata ma yana ɓatar da Kappa.

Ga wata dabara da nake ganin ta fi kowace muhimmanci ga mai awo da ido. Wanda ya san minti nawa aka ce husufi zai kai tsakiya, idonsa zai nuna masa hakan ko bai faru ba. Ka sa wani ya duba maka jadawalin, ya gaya maka kawai ka fara ƙarfe kaza, ka tashi ƙarfe kaza.

Mataki na uku: awon haske

Kowane minti 10 zuwa 15 za ka yi awo ɗaya. Zaɓi taurarin gwaji biyu, ɗaya ya fi Algol haske, ɗaya bai kai shi ba. Raba tazarar da ke tsakaninsu gida 10 a zuciyarka. Kalli mai hasken na daƙiƙa biyu, ka koma kan Algol, ka kalli mara hasken, ka sake dawowa. Kowanne ka sa shi a tsakiyar ganinka, kada ka kalli ɗaya kai tsaye ɗayan da gefen ido, domin gefen ido ya fi jin haske. Kada kuma ka ƙura wa Almach ido, tauraro mai ja yana ƙara haske a ido idan aka daɗe ana kallonsa.

A ce ka ga Algol ya sauko gida 3 daga Almach, saura gida 7 ya kai Epsilon. Ka rubuta: Almach 3, Algol, 7 Epsilon, da lokacin. Tazarar 2.1 da 2.9 ita ce 0.8. Kashi 3 cikin 10 na 0.8 shi ne 0.24. Haɗa da 2.1, ka samu 2.3. Idan ya kai ga ba ya fin Epsilon haske, sai ka koma gwada shi tsakanin Epsilon da Kappa. A tsakiyar husufi zai zauna kusan rabin tazararsu.

Lissafin ka bar shi sai da safe. A waje gidaje da lokaci kawai za ka rubuta, sannan ka rufe layukan baya da wata takarda. Idan kana ganin abin da ka rubuta ɗazu, za ka riƙa jera lambobi su tafi sumul, kuma wannan ba awo ba ne. Idan awon yanzu ya nuna ya ƙara haske alhali kana tsammanin yana raguwa, rubuta shi haka. Gajimare ya gitta, ko wani ya kunna fitila ya haske maka ido, shi ma a rubuta a gefen layin.

Awannin farko sai an yi haƙuri, canjin kaɗan ne. A cikin awa biyun da ke kafin tsakiya ne abin ke sauri, har za ka ga tauraron da ɗazu ke kafaɗa da kafaɗa da Almach ya koma ƙasa da Epsilon, siffar gungun gaba ɗaya ta canza. Sai ya ɗan tsaya kamar ba ya motsi, sannan ya fara hawa. Hawan nan kada ka bari barci ya raba ka da shi. Awon sauka kaɗai ba ya ba da lokaci.

Mataki na huɗu: fitar da tsakiyar husufi

A takardar giraf ka sa lokaci a kwance, magnitud a tsaye, ƙananan lambobi a sama domin haske ya kasance sama. Ɗiga duk awonka, ka ja layi mai santsi ta tsakiyarsu ba tare da tilasta masa ya taɓa kowane ɗigo ba. Zai fito da siffar kwari.

Gindin kwarin a shimfiɗe yake, ba a iya karanta lokaci daga can. Gefunan ne masu kaifi. Zaɓi magnitud ɗaya, ka ja layi a kwance ya yanki gefen sauka da gefen hawa, ka nemi tsakiyar lokutan biyu. Misali: a 2.6, sauka 8:50, hawa 12:50, tsakiya 10:50. A 2.9, sauka 9:32, hawa 12:12, tsakiya 10:52. A 3.1, sauka 9:58, hawa 11:40, tsakiya 10:49. Matsakaicinsu 10:50. Bambancin da ke tsakanin amsoshin yana ɗan nuna maka girman kuskurenka, ka rubuta shi tare da sakamakon.

Wata hanyar: kwafi ɗigogin a takarda mai shara-shara, ka kifa ta a kan ta asali, ka riƙa gusar da ita har gefen sauka na wannan ya hau kan gefen hawa na waccan. Inda layin ninkin ya faɗo, nan ne tsakiya. Masu kyamara suna barin kwamfuta ta yi wannan da hanyar Kwee da van Woerden ta 1956, amma tunanin ɗaya ne.

Mataki na biyar: gyaran lokaci

Da farko mayar da lokacin UT. Ƙarfe 10:50 na dare a Kano shi ne 21:50. Sannan ka mayar da shi ƙirgen kwanakin Juliyan, wanda ake rubutawa JD. Ƙirge ne miƙe, ba wata ba shekara, kuma kwanansa yana farawa da tsakar rana ta UT. Tsakar ranar 1 ga Janairu 2000 ita ce 2451545.0. Daga tsakar rana zuwa 21:50 awa 9 ne da minti 50, wato 0.4097 na kwana. Stellarium da shafin AAVSO, ƙungiyar masu lura da taurari masu canza haske, duk suna yin wannan juyi.

Gyara na biyu shi ne wanda idan aka tsallake shi, aikin ya lalace. Haske yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 19 daga rana zuwa duniya. Duniya kuwa tana kewaya rana, wani lokaci tana ɓangaren Algol, wani lokaci tana can ɗaya ɓangaren. A tsakiyar Nuwamba labarin husufin yana iso mana kusan minti 7 da rabi kafin ya isa rana, a tsakiyar Fabrairu bambancin ya kusa zama sifili. Don haka ake mayar da kowane lokaci kamar a tsakiyar rana aka tsaya aka gani, a rubuta shi HJD. Akwai shafukan lissafi da za ka ba su JD da matsayin tauraron su ba ka amsa. Wanda bai yi wannan gyara ba zai ga lokutansa suna kai da komo duk shekara, ya ɗauka ya gano wani tauraro, alhali tafiyar duniyar da yake tsaye a kai ya auna.

Mataki na shida: gwada abin da aka gani da abin da aka lissafa

Ɗauki wani husufi da aka san lokacinsa a matsayin mafari. Kundin VSX na AAVSO yana ba da mafarin da tsawon zagaye, wanda a Algol kwana 2.8673 ne da ƙarin lambobi a baya. Ka yi amfani da su duka. Cire mafarin daga lokacinka, ka raba da tsawon zagaye, ka ɗauki cikakkiyar lamba mafi kusa. Ita ce yawan zagayen da aka yi. Ninka ta da tsawon zagaye, ka haɗa da mafari: lokacin lissafi ke nan. Cire shi daga lokacin da ka gani. Sakamakon ake rubutawa O−C. Idan ya haura sifili husufi ya makara, idan ya gaza ya zo da wuri.

Ɗigo ɗaya ba ya cewa komai. Sai an jera da yawa, yawan zagaye a kwance, O−C a tsaye, sannan siffa ta fito. Layi miƙaƙƙe mai karkata yana nufin tsawon zagayen da ka yi lissafi da shi ya ɗan kauce. Kuskuren daƙiƙa 1 a zagaye, sau 127 a shekara, ya haura minti 2. Layi mai lanƙwasa kamar baka yana nufin zagayen kansa yana tsawaita ko gajarcewa, galibi saboda ɗaya tauraron yana zuba wa ɗayan iskar jikinsa. Haka ya faru a Algol: mai duhun nan da shi ne babba, ya tsufa da wuri, ya kumbura, ya zubar da yawancin nauyinsa kan abokinsa. Wani tauraro mai husufi, Beta Lyrae, yana cikin wannan hali yanzu, zagayensa na kusan kwana 13 yana ƙaruwa da kimanin daƙiƙa 19 a shekara.

Layi mai hawa da sauka a kan ƙa'ida kuwa, shi ake nema. Idan kana kallon mai faskare daga nesa, gatari zai sauka kafin ƙarar ta iso ka, kuma in ya ƙara nisa ƙarar ta ƙara makara, ko da bai canza saurin saransa ba. Tagwayen Algol suna kewaya cibiyar nauyi ɗaya da na ukun, don haka sukan matso wajenmu su kuma ja da baya da ɗan ƙasa da nisan duniya da rana. Husufin yakan zo da wuri da kusan minti 7, ya koma makara da kusan minti 7, ya cika zagaye a kwana 680. Tsawon kaɗawar yana ba da zagayen na ukun, girmanta kuma yana ba da ƙiyasin nauyinsa. Seth Chandler ne ya fara kawo wannan tunani kan Algol a 1888, John Irwin kuma ya tsara lissafinsa a 1952.

Kuskuren awon ido yakan kai minti 10 ko fiye, don haka mutum ɗaya da ido ba zai fitar da kaɗawar minti 7 a fili ba. Abin yi shi ne ka ɗora ɗigoginka a kan na wasu. Shafin O-C Gateway na ƙungiyar masana falaki ta ƙasar Cek yana tara lokutan husufi na dubban taurari, har da na Algol. A can za ka ga wasu manyan sauye-sauye na shekaru gommai da suka fi na tauraro na uku girma. Ba kowace kaɗawa ce tauraro ba. James Applegate ya nuna a 1992 cewa juyin maganaɗisun tauraro mai sanyi ma yana iya kawo irinta. Kafin a yarda da na uku sai kaɗawar ta maimaitu da siffa ɗaya, kuma an fi natsuwa idan wata hanya ta tabbatar. Na Algol an gan shi a nazarin launukan haske, kuma jerin madubai na CHARA a Dutsen Wilson na Kalifoniya ya ɗauki hoton ukun a rarrabe.

Mataki na bakwai: shigo da kyamara

Kyamarar DSLR, wato irin wadda ake sauya wa gilashi, a kan ƙafa uku tana iya rage kuskuren zuwa minti ɗaya ko biyu idan an kula. Sa gilashin milimita 50, ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka ɗan kauce wa saiti da gangan domin hasken tauraron ya bazu a kan ɗigogi da yawa kada ya ƙone. Buɗewar 'yan daƙiƙoƙi ta isa. Ɗauki hotuna a jere duk 'yan mintoci, kada ka taɓa saitin har ƙarshe, kuma ka daidaita agogon kyamarar da intanet a daren, don agogon kyamara yana zamewa. A ƙarshe rufe bakin gilashin ka ɗauki wasu hotunan duhu da saitin nan. Manhajojin kyauta irin su Muniwin da AstroImageJ za su ware koren launi su gwada Algol da maƙwabtansa. Da wannan ne mutum ɗaya zai iya bin kaɗawar kwana 680 da kansa, cikin shekara huɗu ko biyar.

Dalilin da ya sa masana suka damu da irin waɗannan taurari shi ne, a nan ake auna nauyi da faɗin tauraro kai tsaye. Kuma na ukun ba baƙo ba ne: binciken Andrei Tokovinin da abokansa a 2006 ya nuna kusan kashi 96 cikin 100 na tagwaye irin rana masu zagayen ƙasa da kwana 3 suna da shi, abin da ke ƙarfafa ra'ayin cewa jansa ne ke matso da su kusa da juna. Kumbon TESS mai auna hasken taurari, da aka harba a 2018, ya gano TIC 168789840 a gungun Eridanus, taurari 6 a tagwaye uku, kowanne yana husufi. Zanen hasken TESS a buɗe yake ga kowa, kuma masu sa kai suna duba shi a shafin Zooniverse.

Bayan Algol, ka koma kan Lambda Tauri, kudu da Kaza. Shi ma uku ne: tagwayen suna zagaye a kwana 3.95, na ukun a kwana 33 kacal. Saukarsa daga 3.4 zuwa 3.9 ce, kuma husufinsa ya fi na Algol tsawo, ba ya shiga dare ɗaya. Sai ka tara awo na darare da yawa, kowanne ka cire mafari, ka raba da tsawon zagaye, ka jefar da cikakkiyar lambar ka riƙe guntun da ya rage. Da guntayen nan za ka yi zane ɗaya, kuma a kusa da 0.5 za ka ga ƙaramin husufi na biyu, wanda a Algol ido ba ya kamawa. Awonka na kowane dare, da lokacinsa da taurarin gwajin da ka yi amfani da su, AAVSO tana karɓa ta shafinta bayan ka yi rajista ka samu lambar mai awo.